Dutsen da Aka Yi da Allura

A kudancin Ingila, a yankin Dorset, akwai wani bakin teku da ake kira Chesil. Tsawonsa mil 18 ne, wato kilomita 29. Ba yashi ne a shimfiɗe a wurin ba kamar yadda kuka saba gani a bakin kogi, 'yan duwatsu ne jibge, waɗanda ruwa ya daɗe yana gogewa. Ta wajen yamma ba su fi ƙwayar wake girma ba, amma in mutum ya yi ta tafiya gabas sai ya ga suna ƙara girma, har ya isa kusa da Portland, inda suka kai dankali. An ce masunta na da, in sun sauka da dare, sai su laluba dutse ɗaya su san inda suke.

To, akwai wata tsohuwa wadda a nan aka haife ta, amma aure ya kai ta wani gari nesa da teku. Da tsufa ya kama ta, sai ganinta ya tafi, ƙafa kuma ta ƙi. Tana da jika 'yar shekara 11. Ran nan aka ce za a kai 'yan ajin su yarinyar Chesil, sai tsohuwar ta ce, "Jikata, ki taho mini da dutse ɗaya, in ji shi a hannuna." Yarinya ta ce, "To, Kaka, na yi alkawari."

Da suka isa, ta yi ta zaɓe har ta sami wani kamar ƙwan agwagwa. Yana da ɗan rami a gefe, da farin layi da ya ratsa bayansa, da busasshiyar ciyawar ruwa manne a jikinsa. Tana cikin sa shi aljihu sai malamarsu ta gan ta, ta ce, "Mayar da shi. Doka ta hana ɗaukar dutse a nan." Dalili kuwa, tudun duwatsun nan shi ne katanga tsakanin teku da gidajen da ke bayansa. In kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, wata rana katangar za ta raunana.

Yarinya ta fashe da kuka. Malama ta ce, "Ba a hana ki dubansa ba." Sai ta zauna ta dube shi, ta shafa shi, ta zana shi cikin littafinta, sa'an nan ta ajiye shi inda ta same shi.

Da ta komo gida ta gaya wa gwaggonta, wadda gwana ce wajen aikin allura. Gwaggo ta ce, "Share hawayenki, za mu yi wani da zare." Kada ku yi mamaki, ɗinki mai tudu tsohuwar sana'a ce a Ingila. Wata yarinya wai ita Martha Edlin, wadda aka haifa a 1660, ta ƙawata wani ɗan akwati da irin wannan ɗinki a 1671, tana shekara 11. An adana shi a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Ga yadda suka yi. Suka yanko ƙyalle biyu na alawayyo, suka zana siffar dutsen a kan na sama. Tsakanin ƙyallayen suka jera 'yan maɓallai da ƙananan zobba, suka ɗame su cikin kewayayyen katako kamar fatar ganga. Sa'an nan yarinya ta bi gefen kowane maɓalli da ɗinki don kada ya gusa, sai ga tudu ga kwari sun fito. Daga nan sai ado. Akwai ƙullin da ake kira ƙullin Faransa: a naɗa zare sau biyu a jikin allura, a mayar da ita dab da inda ta fito, sai ya zauna kamar ƙwayar gero. In an naɗa sau goma ko fiye, sai ya fito dogo kamar 'yar tsutsa. Da ta gama, suka yanka kwali, suka ɗora masa auduga, suka lulluɓa ƙyallen a kai, suka zuge gefensa kamar zariyar wando, suka rufe bayan da wani kwalin mai ƙyalle.

Kwana uku kawai ta yi. Abin ya fito kewayayye sarai, ƙulle-ƙullen a jere kamar shuka a kunya. Ta ruga ta sa wa kakarta a hannu. Tsohuwa ta juya shi, ta ce, "Wannan maɓallin rigar wane ne?"

Gaskiyar tsohuwa ce. Yarinyar ta ɗinka abin da take tsammani dutse ne, ba ta buɗe littafinta ko sau ɗaya ba.

Sai ta ɗauko zanen, ta sake sabon aiki. Wannan karon ta yanka kwalin da gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ta ƙara auduga ta wajen. Ta haɗa zare iri-iri, siriri da kakkaura, toka-toka da ƙasa-ƙasa da ruwan madara. Wani wuri ta cunkusa ƙulli har allura ta rasa wurin shiga, wani wuri ta bar shi sumul da ɗinki a kwance, gama yawancin jikin dutsen teku santsi ne. Farin layin ta yi shi da zaren siliki. Ciyawar kuwa, ta bar madaukai na algashin ulu, ta yanke kawunansu da almakashi. Ramin ne ya fi ba ta wuya. Sau uku tana naɗe zobe da zare tana warwarewa, kafin bakinsa ya daina kama da zobe. Mako biyar aikin ya ci, yatsanta duk sun sha allura.

Ta kai wa kakarta, ba ta ce kome ba. Tsohuwa ta daɗe tana shafawa. Ta bi farin layin da babban yatsa, ta taɓa ciyawar, can ƙaramin yatsanta ya faɗa ramin.

Ta ce, "Wannan na wajen Portland ne. Na ji girmansa."

Yarinya ta ce, "Can muka sauka, Kaka."

Tsohuwa ta auna shi a tafin hannu, ta ce, "Sai dai ba nauyi, ba sanyi kuma." Yarinya ta miƙa hannu ta karɓa ko za ta gyara, amma tsohuwa ta riga ta jefa shi aljihunta.