Ina Gyara Ta Shiga?

Tun ina ƙarami inna take aikena wurin wani mai shago a garinmu Dogon Daji. Bashi muke ci, ya rubuta a littafi, sai kaka baba ya sayar da gero ya biya. A wancan lokaci in ya auna maka shinkafa sai ya ɗora hannu guda na gyara, in kuwa ka tarar da ƙwari a fulawa ka mayar, ya musanya ba gardama.

Da na je hutu bana, inna ta sake aikena. Mudu a shafe, ba gyara. Fulawar kuma duk ƙwari. Na koma da ita, ya ce, "Ɗana, abin da ya fita ya fita." Har na buɗe baki, sai na hangi littafin, sunan baba ya ci shafi biyu. Na haɗiye maganata. Wanda ba shi da wani shagon zuwa, don me za a lallashe shi da gyara?

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai katin cin bashi, watau banki ya biya maka kuɗin kaya, kai ka biya shi daga baya. Don jawo mutane, wasu bankuna sukan biya diyya in kayan sun lalace ko an sace. A shekarar 2019 bankin Citi ya janye irin wannan alfarma daga katunansa da yawa. Ruwan bashin kuwa bai janye ba.

Fulawar dai inna ta tankaɗe ta sau biyu, ta ce kada in gaya wa baba.