Takardar da Na Tsinta a Ƙofar Kicin

Nakan yi rubutuna ne bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi. Daga nan sai abin kari, sai Islamiyya, da dare kuma in duba littattafan ɗalibai. A haka na kusa shekara biyu ina haɗa wani ɗan littafi a kan mata da bin bokaye. Tun ina kwaleji malamanmu suka koya mana kada mu soki abin da ba mu sani ba, shi ya sa na shiga karanta tarihin tsibbu.

A nan na haɗu da Muhammad al-Katsinawi, malami Bafulatani mutumin Katsina, wanda ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741. Ya rubuta littafi a kan ɗalasimai da taurari mai suna Durrul Manzum, ya kuma yi bayanin yadda ake tsara hatimi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, asalin hatimi lissafi ne. Mafi ƙanƙanta gida 9 ne, an zuba lambobi daga 1 zuwa 9: sama 4, 9, 2, tsakiya 3, 5, 7, ƙasa 8, 1, 6. Ta duk inda kika tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ki samu. Mutanen da sun riƙa danganta wannan hatimin da sauƙin naƙuda. Na kuma karanta Ibn Khaldun, wanda a Muƙaddimarsa ta 1377 ya yi dogon bayani a kan sihiri da ɗalasimai, ya nuna shari'a ta hana su.

Bara maigidana ya ƙara aure. Wata safiya sai na tsinci takarda a naɗe da zare a ƙofar kicin. 'Yar uwa, wallahi sai da gabana ya faɗi, ni da nake yi wa mata wa'azin tawakkali. Yayata ta ce in haɗa kayana, asiri aka yi mini. Na karanta Falaƙi da Nasi, na warware. Sai ga gida tara. Na tara, 15.

Na samu amarya a ɗakinta, na ce, "Ƙanwata, wannan naki ne?" Sai ta fashe da kuka. "Yaya, kakata ce ta ba ni. Cikina ya tsufa, haihuwar nake tsoro." Ashe daga zaninta ta faɗo. Na zauna na nuna mata lissafin, na faɗa mata lambobi ba sa sauke mai ciki, Allah ne ke saukewa, mu kuma namu addu'a da zuwa awo. Da lokaci ya yi, ni na raka ta asibiti.

Ban ce babu sihiri ba; Alƙur'ani ya ambace shi, muna neman tsari. Amma ki duba, da na bi zargi, da yau gida ya rabu biyu a kan abin da ɗalibar aji huɗu za ta iya tarawa. Idan kin tsinci abin da ya tsorata ki, ki nemi tsarin Allah, sannan ki tambaya kafin ki yanke hukunci. Allah Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, amin.