Zauren da Ward Cunningham Ya Bari a Buɗe

Ranar da Ward Cunningham ya fara sauka a filin jirgin saman Honolulu, wani ma'aikaci ya ce masa ya hau motar "Wiki Wiki", wadda ke jigilar fasinjoji tsakanin sassan filin. A harshen mutanen Hawai, "wiki" na nufin sauri, maimaita kalmar kuwa ƙarfafa ma'ana ne, kamar yadda ake cewa maza-maza. Kalmar ta zauna masa a rai, har ya laƙaba ta ga aikin da aka fi saninsa da shi.

Cunningham marubucin manhajar kwamfuta ne, mazaunin jihar Oregon ta Amurka, matsalar da ya sa a gaba kuma tsohuwa ce a sana'arsu. Littafi yana koya wa mutum ƙa'idojin harshen kwamfuta, amma ba ya ba shi abin da gwani ya tara bayan shekara goma yana tuntuɓe: inda ya kamata a raba babban aiki gida-gida, lokacin da gyara ya fi rushewa a sake gini, da irin dabarar da ke burgewa yau ta zama alaƙaƙai bayan wata shida. Wannan ilimi a ƙwaƙwalwar mutane yake zaune. Ranar da gwani ya bar wurin aiki sai ya tafi da abinsa, na bayansa su sake faɗawa ramin da ya taɓa fita.

A shekarar 1987, shi da abokinsa Kent Beck suka ari wata dabara daga Christopher Alexander, masanin tsara gine-gine, wanda littafinsa na 1977, A Pattern Language, ya tattara salo 253 na tsara gari da gida. Kowane salo yana bayyana matsalar da ke yawan maimaituwa, da yanayin da take tasowa, da maganin da aka jarraba. Suka gwada rubuta salo biyar irin wannan domin masu aiki da harshen Smalltalk. A 1994 wasu marubuta huɗu suka fitar da littafin Design Patterns mai ɗauke da salo 23, ya kuma karɓu ƙwarai. Sai dai littafi, da zarar ya fito daga maɗaba'a, ya rufe baki. Mai karatun da ya san inda salon ya gaza ba shi da wurin faɗa.

Ranar 25 ga Maris, 1995, Cunningham ya buɗe WikiWikiWeb a adireshin kamfaninsa, c2.com. Da harshen Perl ya rubuta shi, kuma bai cika shi da tarkace ba. A ƙasan kowane shafi akwai wurin da za a latsa a gyara rubutun, babu rajista, babu kalmar sirri. Idan mutum ya haɗa kalmomi biyu ko fiye, kowace da babban baƙi a farkonta, sai su zama hanyar zuwa wani shafi. In shafin bai wanzu ba, alamar tambaya ce za ta bayyana a gefen sunan, tana jiran wanda ya san amsa ya zo ya cike gurbin.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗabi'ar da wurin ya nema daga masu shigarsa. Shafi yakan fara ne da muhawara: wannan ya kawo hujja ya sa sunansa, wancan ya musanta ya sa nasa. In ƙura ta lafa, sai wani ya zo ya tace maganganun, ya zubar da maimaici da zafin rai, ya bar bayani guda wanda ba sunan kowa a kansa. Masu sana'ar sun saba yi wa manhaja irin wannan gyara, wato sake tsara cikinta ba tare da canza aikinta ba, sai ga shi suna yi wa maganar junansu.

Duk wanda ya taɓa kwana yana rubutu ya san ɗacin abin. Mutum ya zuba basirarsa a sakin layi biyar, gari ya waye ya tarar an mayar da su jimla uku, an cire sunansa, an kuma gyara kuskuren da bai lura da shi ba. Zuciya takan fara da cewa an yi masa ƙwace. Sai ya sake karantawa ya ga abin da yake nufi ne ke nan, kuma ya fi fitowa fili. Wanda ya iya haɗiye wannan ɗaci shi ke dawowa gobe ya gyara na wani.

A wannan zaure aka yi ta tankaɗe da rairayar tsarin aikin da Beck ya kira Extreme Programming. Wani shafi yana gargaɗin kada a gina abin da ba a buƙata yau don tsammanin gobe, wani yana cewa kowace ƙa'ida a rubuta ta wuri ɗaya tak a cikin manhaja, domin ranar gyara kada a manta da kwafinta. Dabarar wiki kanta ta tsallake sana'ar: a ranar 15 ga Janairu, 2001, Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a kan irin wannan tsari.

Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙofar da aka bari a buɗe domin masu sani, ta nan masu tallar banza da masu goge aikin mutane suka riƙa shigowa. Shekara da shekaru masu kula da wurin don raɗin kansu suna share ɓarna suna mayar da rubutu, har ɓarnar ta fi ƙarfin hannu. A ƙarshen 2014 aka hana gyara, aka bar shafukan don karatu kaɗai.

A yau kusan kowane rukunin masu rubuta manhaja yana da wikinsa, kafa shi kuma aikin rabin yini ne. Duk da haka da yawansu kan zama kufai, ko da maɓarnaci bai taɓa leƙa su ba. Sabon ma'aikaci yakan ga umarnin da ya tsufa, ya sha wahala ya gano daidai, sannan ya wuce bai taɓa shafin ba, saboda sunan babba ne a kansa kuma yana jin nauyi. Mai zuwa bayansa ya sake ɓata yini guda a wuri ɗaya. Shafukan c2.com suna nan har yanzu ga mai son karantawa, kuma a waɗanda suka fi amfani cikinsu, da wuya mai karatu ya iya nuna jimla ya ce ga wanda ya rubuta ta.