Nauyin Suna: Tsohon Gwani Da Ƙwallon Gashin Tsuntsu

Masu kallon kokowa sun daɗe da sanin wani abu wanda ba a cika faɗarsa a fili ba: sabon ɗan kokowa da mutum ɗaya yake kamawa, tsohon gwani kuwa da mutum biyu. Na farko shi ne ƙaton da ke gabansa yana zuba kirari. Na biyu shi ne sunansa na kansa, wanda makaɗa suka yi ta ɗagawa shekara da shekaru har ya fi mai shi tsawo. Yaro in an kada shi, sai ya kakkaɓe rairayi ya koma gefe, gobe ma rana ce. Gwani kuwa in bayansa ya taɓa ƙasa, labarin kan riga shi isa gida.

Tun da aka fara gasar takobi a Tawa cikin 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, wannan al'amari bai sake ba. A ƙarshen Disamba 2022 birnin Difa ya karɓi gasar karo na 43, jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, kuma Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, shi ya tafi da takobin karo na biyar. Duk wanda ya bi gasar, ko a bakin fage ko ta rediyo can cikin tuddan Ngelbeli, ya lura cewa kowane matashi da aka haɗa da shi ya shigo ne da hannu sake. In ya faɗi, sarki ne ya kada shi, babu abin kunya. In ya yi kaye, ya shiga tarihi. Sarkin ne kaɗai ke da abin asara a kowane kamu.

To, akwai wani wasa can nesa wanda ya nuna wannan hali tsirara, fiye ma da kokowa. Sunansa badmintan. Ba wasan ƙasar nan ba ne, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san iskar hunturu a kwarin Komadugu: ƙwallonsa gashin tsuntsu ne guda 16 da aka soke a kan ɗan toshi, nauyinsa bai wuce giram biyar ba sai da kaɗan, iskar da ba ta isa ta ɗaga gefen rawani ba ma ta ishe ta sace shi. Shi ya sa ake yin gasarsa cikin rufaffen zaure. Fagen mita 13.40 ne a tsawo, da raga a tsakiya, kuma ba a yarda ƙwallon ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya. Turmi uku ake yi, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Daga 2006 aka koma ƙidayar maki 21 a kowane turmi, inda duk kuskuren da ɗan wasa ya yi, nan take ya zama makin abokin karawarsa. In aka yi kunnen doki 20 da 20, sai wani ya ba da ratar biyu. A irin wannan lissafi babu wurin ɓuya: hannun da ya yi rawa da faɗin yatsa ɗaya, allo zai nuna.

Mutumin da ya fi kowa ɗanɗana wannan shi ne Lee Chong Wei, ɗan ƙasar Maleziya, wanda aka haifa cikin Oktoba 1982. Siririn mutum ne, ba dogo ba, mai saurin ƙafa kamar barewa. Ya yi mako 349 yana na ɗaya a duniya, ya ci kofi 69. Amma ƙasarsa, wadda ta ɗauki badmintan kamar yadda Nijar ta ɗauki kokowa, ba ta taɓa samun lambar zinare a wasannin Olimpik ba, a kowane irin wasa. Sai aka tattara wannan ƙishirwa ta al'umma guda aka ɗora a kafaɗar mutum ɗaya. Allah kuma ya haɗa zamaninsa da na Lin Dan, ɗan ƙasar Sin, bahago, wanda ya girme shi da kome ban da shekaru. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana.

A Bejin cikin 2008 suka haɗu a wasan ƙarshe na Olimpik, Lin Dan ya share shi 21 da 12, 21 da 8. Wannan kayen bai da zafi ƙwarai, don an fi shi ne ƙuru-ƙuru. Masu zafin suna gaba. A gasar duniya ta 2011 a Landan, sau biyu ya rage wa Lee maki ɗaya tak ya zama zakara, sau biyun suka kuɓuce, aka tashi 23 da 21. Shekara ta zagayo, a zauren nan dai na Wembli, aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Olimpik. Lee ya zo ne da idon sawun da ya ji wa rauni cikin watan Mayu, wani attajiri mai haƙar ma'adinai a ƙasarsu kuma ya riga ya yi alkawarin sandar zinare ga duk wanda ya kawo lambar. Aka kai turmi na uku, aka yi 19 da 19, Lin Dan ya ɗauke biyun da suka rage. Lee ya zauna dirshan a fage, daga baya ya nemi gafarar ƴan ƙasarsa. A nan akwai abin tsayawa: mutum ya zo na biyu a duniya da ƙafa mai ciwo, kuma abin da ya ga ya dace da shi shi ne neman gafara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kayan da yake ɗauke da su. Cikin 2013 kuma, a wasan ƙarshe na gasar duniya a Gwangju ta ƙasar Sin, jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure ana 20 da 17 a turmi na uku, aka fitar da shi bisa gadon majinyata.

Masu hira a gindin bishiya kan ce irin wannan mutum zuciya ce ba shi da ita. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokowa. Marar zuciya ba ya kai wasan ƙarshe sau huɗu a gasar duniya, sau uku a Olimpik. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, a maki biyun ƙarshe mutanen biyu ba wasa ɗaya suke yi ba. Lin Dan ya riga ya ajiye zinarensa a gida tun 2008, saboda haka in ya ga dama sai ya kai hari, kome ta fanjama fanjam. Lee kuwa kowane bugu sai ya auna shi da abin da zai biyo baya in ya kuskure. Wannan awon ba ya ɗaukar ko rabin daƙiƙa, amma a wasan da ƙwallo ke tashi da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, rabin daƙiƙa dukiya ce.

Malaman makaranta sun san wannan fuska. Ita ce fuskar ɗalibin da ke zaman jarrabawar bak karo na uku, wanda ya fi kowa a aji sanin darasi, amma ranar jarrabawa ya shiga ɗaki tare da mahaifinsa da kawunansa da kuɗin da aka kashe a kansa, duk a cikin ƙirji. Ba ilimi ne ya gaza ba. Wurin zaman ilimin ne wasu baƙi suka cika.

Sai kuma ƙaddara ta zo masa ta wata ƙofa. A gasar duniya ta 2014 a Kopenhagen aka sami deksametazon, wani maganin kumburi da dokar wasanni ta hana, a jikinsa. Kwamitin da ya saurari maganar ya yarda cewa ba da niyyar maguɗi ya sha ba, amma an karɓe lambar azurfar da ya ci, aka dakatar da shi wata takwas. Ya komo cikin Mayu 2015 yana da shekara 32, sunansa ya gangara can ƙasa da na mutum ɗari a jerin gwanaye. A badmintan, shekara 32 tsufa ne. Gwiwa da idon sawu sun riga sun ci rabonsu.

A nan ne labarin ya fi daɗin nazari, domin mutumin da ya komo ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya rage yawan tsalle da dukan ƙarfi, ya ƙara haƙuri, yana jan abokin karawa daga kusurwa zuwa kusurwa har sai ƙofa ta buɗe da kanta. Haka tsohon ɗan kokowa ke yi in ƙarfi ya fara ja da baya: ya daina neman ɗaga ƙato sama, ya koma jiran ƙafar da za ta yi kuskure. Kafin 2015 ta ƙare ya ci kofunan Faransa da Sin da Hong Kong a jere, cikin 2016 kuma ya koma na ɗaya a duniya. Mai yiwuwa faɗuwar nan ta yi masa wani amfani da nasara ba ta taɓa yi masa ba. Abin da yake tsoro shekara da shekaru, wato zubewar suna, ya riga ya auku, ya kuma ga gari ya waye.

Ranar 19 ga Agusta 2016, a birnin Riyo na Barazil, aka sake haɗa shi da Lin Dan, wannan karo a wasan kusa da na ƙarshe. Ya rasa turmin farko 15 da 21, ya ci na biyu 21 da 11. A na uku ya kai 20 da 17, maki ɗaya ya rage. Lin Dan ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci uku. 20 da 20. Duk wanda ya san tarihin mutanen nan biyu ya san abin da ya saba biyowa, kuma babu shakka shi ma Lee ya sani, ya fi kowa sani. Amma wannan karo hannun bai yi rawa ba. Ya ci biyu a jere, ya durƙusa a fage, sannan suka rungumi juna suka yi musayar riguna.

Da tatsuniya ce, nan za a ce ƙurunƙus. Sai dai wasan ƙarshe yana nan washegari, kuma wanda ke jira shi ne Chen Long, wani ɗan Sin mai shekara 27, dogo, mai tsaron gida kamar ganuwa, wanda ya riga ya kada Lee a wasan ƙarshe na gasar duniya cikin 2014 da 2015. Aka tashi 21 da 18, 21 da 18. Azurfa ta uku. Shekara takwas ya yi yana shirin haye dutse ɗaya, ran da ya haye shi sai ya tarar zamani ya gina wani a bayansa. Wannan ita ce muguntar tsufa a fagen wasa: gwani kan warware matsalar zuciyarsa daidai lokacin da matsalar ta koma ta ƙafa.

Bai ajiye ba. Cikin Maris 2017, makonni kaɗan bayan ya zame a wurin horo ya ji ciwo a gwiwa, ya ci kofin All England karo na huɗu. Cikin Agusta na shekarar, a Gilasgo, wani Bafaranshe mai suna Brice Leverdez ya fitar da shi tun a zagayen farko na gasar duniya. Haka ƙarshen gwani yake, yau sarki gobe abin tausayi, ba tare da gargaɗi ba. Cikin 2018, yana da shekara 35, ya ci zinaren wasannin Kwamanwels a Ostareliya, ya kuma ci kofin ƙasarsa karo na 12 a hannun Kento Momota na Japan, wanda ya girma da kusan shekara goma sha biyu. Bayan wannan da kaɗan likitoci suka gano sankara a hancinsa. Ya yi jinya a Taiwan, ya koma horo da fatan zuwa Tokiyo, jiki ya ƙi. Ranar 13 ga Yuni 2019 ya sanar da ajiye wasa, yana hawaye.

Da sauƙi a ce rashin zinaren ne ya hana shi tsayawa da wuri, amma Lin Dan ya rushe wannan bayani. Shi babu abin da ya rasa: zinaren Olimpik biyu, kofin duniya biyar. Duk da haka ya ci gaba, yara waɗanda suka tashi suna kallonsa a talabijin suna fitar da shi a zagayen farko, gasa bayan gasa, masu sharhi suna ta tambayar me yake nema. Cikin Afrilu 2019 ya ci kofin Maleziya a hannun Chen Long, kamar fitilar da ta ƙara haske gab da ƙarewar mai, sannan ya ajiye cikin Yuli 2020. Ashe mai nema da wanda ya samu duk abu ɗaya ke riƙe da su a fage: tun suna yara ba su san wata rayuwa ba sai wannan, kuma ranar da aka ajiye, sai an koyi amsa sunan da babu kirari a bayansa. Jama'ar da ke cewa gwani ya tafi tun da sauran mutuncinsa, sau da yawa hoton da suka rataya a zuci suke karewa, ba mutumin ba. Su ne kuma, in ya tafi da wuri, za su ce tsoro ya ji.

Sau 40 mutanen nan biyu suka kara, Lin Dan ya ci 28, Lee ya ci 12. Karawar ƙarshe a Bamingam aka yi ta, cikin Maris 2018, ba a wasan ƙarshe ba, a zagayen ƴan takwas, kuma Lin Dan ne ya ci. Ran da Lee ya ajiye wasa, Lin Dan ya rubuta a shafinsa na intanet cewa daga yanzu shi kaɗai zai riƙa shiga fage, ba shi da sauran abokin tafiya.