Inci uku da na ƙara wa motata

Wannan karon labarin mota na zo da shi. Wanda duk yake da niyyar ɗaga motarsa ya sa mata manyan tayoyi, don Allah ya karanta har ƙarshe, domin ni sai da na kusa jawo wa gidanmu abin kuka kafin na gane abin da zan faɗa.

A Aurora aka haife ni, kusa da Denba a jihar Kolorado. Babanmu bakanike ne tun yana saurayi a Kano, a wajen Ƙofar Ruwa ya koyi aiki, amma da ya zo Amurka tasi ya riƙa ja. Ni ban taɓa ganinsa da kayan aiki ba sai in zai canja wa tasinsa mai, saboda haka ban ɗauki iliminsa na mota da wani muhimmanci ba. A ganina abin da ya sani na tsofaffin Fijo ne.

Da na fara aiki na tara 'yan kuɗi, sai na sayi Jeep Cherokee ƙirar 1998, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1984 zuwa 2001. Burina in kai ta Mowab a jihar Yuta, garin jajayen duwatsu inda masu irin waɗannan motoci suke taruwa duk shekara tun 1967. Na sayo dogayen sifirin da dogayen shokozoba na ɗaga ta inci 3, na cire tayoyinta na asali masu tsayin kusan inci 28 na sa masu inci 31. Ni da wani abokina muka yi aikin a garejin gidanmu cikin kwana biyu. Wallahi da muka sauke ta daga kan jak sai na ji kamar na gina bene.

Baba ya fito, ya zaga ta sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ta bayan tayar gaba. Ya ce, "To, ka ɗaga ta. Robar tokaren fa, ka taɓa ta?"

Na ce, "Wace roba, Baba?"

Ya nuna min wani ɗan dunƙulen roba da ke rataye a cikin sifirin. Na ce masa ai duk abin da ke cikin kwalin na ɗaura, kuma na bi takardar bayani layi-layi. Ya ce "Allah ya kiyaye," ya koma cikin gida.

Bayan sati uku muka kama hanyar Mowab, tafiyar kusan mil 350, ni da abokina da autarmu, wadda ta yi ta roƙon Umma har ta bar ta. A kan kwalta lafiya lau. Washegari muna kan wata hanyar ƙasa, ina ɗan gudu, sai ga wani kwari da ruwa ya ci a tsakiyar hanya, ban gan shi ba sai da muka faɗa. Ƙarar da na ji daga gaba kamar an buga guduma a kan tukunyar ƙarfe. Sitiyari ya fizge zuwa dama, motar ta nufi gefen hanya inda gangare yake, da ƙyar na tsayar da ita. Auta ta buge goshi a jikin kujerar gaba. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, mu koma gida."

Da na sauka na duba, bakin ƙarfen madigadi ya yanki tayar dama har iska ta fita, shokozobar wannan gefen kuma ta lanƙwashe, mai yana tsiyaya. Muka sa safaya, muka lallaɓa zuwa gari.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Goshin Auta ya fara dubawa, sannan ya ce in sayo sabuwar shokozoba da taya, ranar Asabar kuma kada in je ko'ina. A wannan Asabar ɗin ne ya yi min bayanin da ba ya cikin takardar da na bi.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau dutse, aksil yana tasowa sama zuwa jikin mota. Dole akwai inda zai tsaya, kuma masu ƙera motar sun sa wannan robar ne don ta zama ita ce farkon abin da zai tare shi. Da na sa dogon sifirin, motar ta tashi, amma robar tana nan inda take, wato aksil zai iya tasowa har inda yake kaiwa a da. Alhali abu biyu sun canja. Taya mai inci 31 ta fi ta asali kusantar madigadi da kusan inci ɗaya da rabi. Doguwar shokozoba kuma, ko an danne ta har ƙarshe, ta fi gajerar tsawo. Saboda haka kafin aksil ya kai ga robar, shokozoba ta riga ta ƙure, taya ta riga ta daki ƙarfe. Nauyin motar gaba ɗaya a kansu ya sauka.

Na ce, "To sai mu sayo doguwar roba mu sa." Ya ce, "Ta inci nawa?" Na yi shiru. Ya ce ba a saye sai an auna, kuma ba a aunawa da sifirin a jiki.

Muka ɗora jikin motar a kan ƙafafun ƙarfe, muka cire sifirin na gaba duka biyun, muka mayar da shokozoba da tayoyi. Baba ya zare robar daga cikin ɗan kofin ƙarfen da take zaune, ya ce idan dukan ya yi tsanani robar matsewa take yi kusan gaba ɗaya, don haka daga bakin kofin ake awo. Ya shafa alli a bakin madigadi. Sannan ya ce in sa jak a ƙarƙashin aksil in riƙa ɗagawa a hankali, shi yana kwance yana kallo.

Da farko mun ɗaga gefen biyu tare, har ya ce "Tsaya!" Saura kamar rabin inci shokozoba ta ƙure, kuma wannan rabin incin ya ce a bar mata, kada ta taɓa kaiwa ƙarshe. Ya auna ratar da ta rage tsakanin kofin da faifan da sifirin yake zama a kai. Daga nan muka ɗaga gefe ɗaya, ɗayan yana rataye, kamar yadda mota take karkacewa a kan duwatsu, na murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Alli ya fito a jikin taya tun kafin shokozoba ta ƙure. Ya sake aunawa. Ya ce awon da ya fi girma shi za a bi. Ya kama kusan inci 2.

A nan ne na ɗan rama. Masu irin wannan mota a Amurka sun daɗe da wata dabara: baƙin faifan robar da ake wasan hoki na ƙanƙara da shi, kaurinsa inci 1 ne cif, faɗinsa inci 3, yana shiga cikin sifirin daidai. Na sayo guda huɗu a shagon kayan wasanni. Baba ya juya ɗaya a hannunsa, ya danna da farce, ya yi dariya ya ce a Kano da tsohuwar tayar tirela za su yanka. Muka huda tsakiyarsu, muka huda faifan sifirin muka yi masa zare, muka ɗaure bibbiyu a kowane gefe, kan ƙusar ya nutse a cikin robar don kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A baya, inda sifirin na falle-falle ne kuma robar tana jikin firam, ɗan ƙarfe muka sa ya sauko da ita.

Ni da tsoro ya riga ya kama ni, na ce mu ƙara na uku. Ya hana. Ya ce duk incin da ka ƙara ka rage wa taya wurin tasowa ne, in ya yi yawa motar za ta riƙa dukan robar a kowane ɗan rami, bayanka ne zai biya. Na kuma nuna masa irin waɗanda masu tseren hamada suke sawa, masu mai da iskar naitirojin a ciki, da suke shanye duka a hankali. Ya tambayi kuɗinsu, na faɗa, ya ce in bari sai na fara tseren.

Abu na ƙarshe, ya ɗaura siririn zaren roba a jikin sandar kowace shokozoba, ya tura shi ƙasa. Muka fita muka bi wata hanyar ƙasa mai ramuka, muka dawo muka duba inda zaren ya tsaya. Bai kai ƙarshen sandar ba, kuma babu alli a taya.

Awa bakwai muka yi a garejin nan, kuma ban tuna ranar da na yi doguwar hira da Baba da Hausa zalla kamar wannan ba. In na ce masa abu da Turanci sai ya miƙo hannu ya ce "ba ni sifana sha uku," ya ci gaba. A ƙarƙashin motar na ji labarin maigidansa na Ƙofar Ruwa, da yadda ya taɓa kwana biyu a hanyar Agadas saboda karyewar sifirin.

Auta har yau ba ta sake shiga motar ba in dai za a bar kwalta, kuma ban matsa mata ba. Baba kuwa ya ce in zan koma Mowab da shi za a je, yana so ya ga duwatsun da suka sa na kashe kuɗina. Na ce to, amma shi zai tuƙa a hanyar ƙasa. Ya ce dama bai ce ni zan tuƙa ba.

Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu.