Mai Gadin da Ban Ɗauka Aiki Ba

Akwai 'yan daƙiƙu tsakanin lokacin da mutum ya danna maɓallin kunna kwamfuta da lokacin da allo zai waye. Yawancinmu a cikinsu muke gyara zama, ko mu kurɓi shayi, ko mu leƙa waya. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Amma a cikin daƙiƙun nan ne ake yanke hukuncin manhajar da za ta shiga na'urar da wadda za ta tsaya a waje, kuma ba a neman shawarar wanda ya biya kuɗin na'urar. Kwana huɗu na yi a bakin wannan ƙofa, da sabuwar laftof a gabana, ga aikin mutane yana jirana.

Da rana ina koyarwa, da dare ina fassara. Fiye da shekara goma ke nan ina aikin daren a kan Linux, kuma ba aƙida ce ta kai ni can ba, wahala ce. Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayilolin mutum, ta bar masa wasu alamomi da ba sa buɗe komai. Sau uku tana kama ni a zango guda. Wani abokin aikina ya ɗora mini Ubuntu a kan tsohuwar tokumbo da nake da ita, tun daga ranar na huta. Injin da ke numfashi da kyar ya warware. A hankali na tsara maɓallan ƙ da ɗ da ɓ inda yatsuna suke so, na tara ƙamus na kalmomin da nake yawan cin karo da su, na saba da cewa kwamfuta ba za ta sha mini data ba sai na ce ta sha. Windows ma tana da tsarin rubuta Hausa, kada a ce na yi mata ƙage. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni a wancan ɗakin na san inda komai yake ko a cikin duhu.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba: Linux zuciyar babbar manhaja ce, wadda wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991, ya sake ta kyauta, kowa ya karanta ya gyara. Ubuntu kuwa ɗaya ce daga cikin manhajojin da aka gina a kanta, ta fito a 2004, kuma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya assasa ta. In wayar da ke hannunka yanzu Android ce, to a kan wannan zuciyar take tafiya. Ka daɗe kana amfani da Linux, ba a dai gaya maka ba ne.

Tokumbon nan ta mutu ana saura mako biyu in miƙa fassarar wani littafin wayar da kai kan lafiyar mata masu ciki. Fayilolina suna nan a rumbun waje, da sauƙi ta wannan fuskar. Na kwashi adashen da na yi wata da watanni ina zubawa, na ce wannan karon sabuwa fil zan saya, a kwali. Da na ambata wa mai shagon abin da zan ɗora mata, sai ya dakata da rubuta rasit ya dube ni.

"Malam, ni dai abin da ta zo da shi na sani. In ka taɓa cikinta ta ƙi tashi, kada ka dawo mini da ita."

Na ce na ji. A raina ina cewa abin da na yi sau ba adadi a kwamfutocin 'yan uwa da ɗalibai, me zai gagara a nan?

Daren farko na soka filashin da ke ɗauke da Ubuntu, na kunna, na danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren da za a iya tashi daga gare su. Filashin ya bayyana a jerin. Na zaɓe shi. Allon ya yi duhu, wani jan akwati ya fito da layi biyu na Turanci, ma'anarsu dai ba a amince da sa hannun da ke kan wannan manhaja ba. Daga nan ta wuce abinta zuwa Windows, tana yi mini maraba cikin fara'a, tana neman in haɗa ta da intanet. Na sake. Na canja rami. Na gwada filashin a kwamfutar maƙwabcina, ya tashi lafiya lau. Wajen ƙarfe ɗaya na rufe ta na kwanta, barci bai zo ba. Kuɗin adashe ne a kan tebur, ga maganar mai shago tana yi mini amsa-kuwwa.

Washegari na kira ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a jami'a. Shi ya zaunar da ni ya warware mini abin, kuma tun daga nan na karanta abin da ya sawwaƙa a kai, domin ba na son a buɗe mini ƙofa ban san yadda aka yi ba.

A da, ƙaramar manhajar da ke fara farkawa a cikin kwamfuta, wadda ake kira Bayos, ba ta da bincike. Takan je farkon rumbu, ta ɗauki bait 512 na farko, duk abin da ta tarar ta miƙa masa ragama. Mai gadi ne da ke buɗe wa duk wanda ya ƙwanƙwasa. Masu rubuta miyagun manhajoji suka gane haka, suka riƙa ɓoye kayansu a wannan wuri, inda za su farka kafin duk wani maganin bairos ya farka. Da aka maye gurbin Bayos da sabon tsari mai suna UEFI, sai aka sa masa abin da ake kira Secure Boot, wanda ya bazu tun fitowar Windows 8 a 2012. Yanzu mai gadi yana riƙe da takarda. Duk manhajar da ke son tayar da kwamfuta sai ta nuna hatimi, shi kuma ya gwada da hatiman da aka damƙa masa tun daga masana'anta. A kusan duk kwamfutar da ake sayarwa da Windows, hatimin Microsoft ne a takardar.

To ina masu Linux za su bi? Sun sami hanya tun a shekarar. Wani mai suna Matthew Garrett ya rubuta 'yar manhaja da ake kira shim, Microsoft na buga mata wani hatimi na daban da ta ware domin baƙi, ita kuma in ta shiga sai ta tantance sauran 'yan uwanta da hatimin Ubuntu ko Fedora ko Debian. Kamar baƙo ne da ya zo da takardar mai unguwa, aka buɗe masa, shi kuma ya tsaya wa iyalinsa. Shi ya sa a yawancin kwamfutoci ba a ma sanin an yi wannan bincike. Amma wasu sababbin laftof suna fitowa da hatimin baƙin a kashe. Tawa tana cikinsu.

Ba ni da faɗa da mai gadi. Wanda bairos ya taɓa cinye wa aikin wata guda ba zai ce a bar ƙofa a buɗe ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a kwalin nan akwai takarda mai harsuna da yawa da ke gargaɗina kada in jefa batir a wuta, amma babu layi ɗaya da ya ce mini akwai jerin waɗanda aka yarda su shiga, ga kuma inda zan ƙara suna. Gida nawa, mai gadi ba ni na ɗauke shi ba, kuma sunan baƙona ba ya cikin takardarsa. Gyaran kansa bai fi danna wuri ɗaya ba, amma wurin yana can ƙarƙashin shafi na uku na wani allo mai launin toka, da Turancin da ko Bature sai ya yi tambaya.

Na kai hannu zan danna, yaron ya riƙe ni.

"Kawu, tsaya tukuna. Kawo biro da takarda."

Ashe sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da rumbunsu a kulle da BitLocker, kuma makullin yana ajiye a wani ɗan guntu da ke lura da yadda na'urar ta tashi. In ya ga an sauya tsarin ƙofa, sai ya ɗauka ɓarawo ne, ya ƙi sakin makullin, ya ce a kawo lambobin ceto guda 48. Ya shiga Windows ya zaƙulo su, ya karanto ina rubutawa, shida-shida har sau takwas, muka maimaita kamar masu tilawa. Muka sauya abin, muka sake kunnawa, sai ga shuɗin allo yana tambayar lambobin nan daidai yadda ya faɗa. Na yi tunanin mutum nawa ne suka kai wannan gaɓa ba su da takarda a hannu.

Ubuntu ta tashi. Na yi hamdala da ƙarfi har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Minti biyar bayan nan murna ta koma ciki, domin manhajar ta ce ba ta ga rumbun da za ta sauka a kai ba. Rumbun yana nan, an dai saita shi ya yi magana ta wata hanya da ake kira RAID, aka ce sai an mayar da shi AHCI. Wannan ma sauyi ne na layi ɗaya, sai dai in an yi shi kai tsaye Windows kan ƙi tashi, ni kuma ina son in bar ta a gefe saboda maganar mai shago. Yaron ya yi dabararsa, ya kwance kullen rumbun, abin da ya cinye mana yammacin ranar, ya tsaga rumbun gida biyu. Ba zan gajiyar da mai karatu da wannan ba.

Abin da ya fi ba ni dariya daga baya, ko da yake a lokacin ban yi ba, shi ne na ƙarshe. An sauke komai, ga teburina na da ya dawo, amma babu Wi-Fi. Ba wai ya ƙi haɗuwa ba ne, manhajar ba ta ma san akwai shi ba. Ubuntu ɗin da ke filashina ta Afrilun 2022 ce, zuciyarta mai lamba 5.15, guntun Wi-Fi ɗin kuwa ƙaninta ne, an haife shi bayanta, ba ta da direbansa. Magani shi ne a sauko da sabuwa daga intanet. Intanet ɗin kuma sai da Wi-Fi. A ƙasashen da ake rubuta shawarwarin nan, cewa suke yi kawai ka soka wayar intanet ta bango. Sabuwar laftof ɗin ba ta da ramin wannan waya, gidana kuma ba shi da bangon da ke fitar da intanet.

Wayata ce ta fitar da mu. Muka haɗa ta da kebul ɗin caji, muka kunna raba data ta kebul, nan take kwamfutar ta gane ta. Linux ɗin aljihu ya ɗauki na tebur a baya. Sai dai fitowar Afrilun 2024, mai zuciya 6.8, ta haura gigabait biyar, kuma wanda ke sayen data da kuɗin albashi ya san nauyin wannan. Na jira garaɓasar tsakar dare. Ƙarfe biyu da rabi aka ɗauke wuta, na zauna cikin duhu da zafi ina kallon lambobi biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, na saukarwa da na batir. Na saukarwar ya riga kaiwa.

Ana kiran assalatu na buɗe fayil ɗin fassarar, na gangara inda na tsaya kwana tara da suka wuce. Jimlar tana magana ne a kan alamomin da in mai ciki ta gani ta garzaya asibiti. Kalmar farko da na buga ita ce "ƙafa", ƙugiyar ta fito a inda yatsana ya neme ta. Na miƙa aikin ana saura kwana ɗaya.

Har yau abin karanta zanen yatsa ba ya aiki, ban kuma damu ba. Wani lokacin in na rufe murfin ba ta yin barci sosai, sai in tarar batir ya ragu da safe. Takardar lambobi 48 tana cikin jakar da nake ajiye takardar fili da ta haihuwar yara, abin da ya sa uwargida ta tambaye ni ko lambar asusun banki ce na ɓoye mata. Nakan kuma tuna cewa ni na ci sa'a, maɓallin yana nan ko da a ɓoye. Wayoyi da yawa da ke hannunmu ba a bar ma wannan ƙofar ba, in kamfani ya daina aiko da gyara, shi ke nan, sai dai a ci gaba da lallaɓawa ko a sayi wata.

Mako biyu bayan haka ɗan ƙanwata ya dawo. Tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, abin da tokumbo da yawa a hannun ɗalibai ba su cika ba. Ya ce abokansa uku suna da irin waɗannan, lafiyarsu ƙalau, ba su san inda za su nufa da su ba.

"Kawu, ara mini filashin nan na kwana biyu. Nasu ba su da mai gadi mai tsanani irin naka, minti ashirin an gama."

Na ba shi. An shiga wata na biyu, bai dawo da shi ba.