Takardar da na tsinta a jakar Auta a Wudil

A watan Janairu, muna hutun zangon karatu, na hau motar haya daga Kano zuwa Wudil domin in gaida gwaggona. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma hazo ya rufe hanya har sai da direba ya kunna fitila da hantsi. Da muka hau gada na leƙa ƙasa, kogi ya ja baya, masu ɗibar yashi na ta aikinsu cikin sanyi. Ranar Alhamis ce, jajibirin kasuwa, manyan motoci sun fara jeruwa saboda cinikin shanu na Juma'a.

Washegari gwaggo ta ce in raka autarta, mai shekara 4, ajin share fage na wata firamare da ke unguwarsu. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, shi ya sa ake samun irin waɗannan azuzuwa a firamare. Ajin ɗaki ɗaya ne, da tabarmi da ƙaramin allo. Wasu yaran sun sha rigar sanyi da hula, wasu kuwa sai makyarkyata suke, leɓunansu duk sun tsage.

Abin da ya ɗauki hankalina shi ne takardar da malamar ke sa wa kowane yaro a jaka idan yanayi ya sauya. Ta hunturu na cewa a sa wa yara safa da hula, a shafa musu man kaɗanya saboda kaushi, kada a bar su jin ɗumi su kaɗai, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Ta bazara na tunatar da gorar ruwa da rigakafin ƙyanda, da cewa zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce, a garzaya asibiti. Ta damina na magana kan gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata, da gargaɗi kan bakin kogi idan ya cika. Ta kaka kuwa roƙo ce: kada aikin girbi ya hana a kawo yara makaranta.

Na ce, "Malama, ai kin gama wa iyaye komai."

Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, rubutawa na yi. Wa zai karanta musu?"

Da muka koma gida na zazzage jakar Auta. Ga takardar hunturu, ga kuma ta damina a ƙudundune a ƙasa, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Gwaggo ajami take karantawa, ba ta yi boko ba. Na zauna na karanta mata. Da na zo kan garwashi sai ta yi shiru, ta dubi kaskon da ke bayan ƙofa. Ashe da shi suke kwana tun shigowar sanyi, taga a toshe. Hayaƙin gawayi na iya kashe mai barci ba tare da ya farka ba. A daren nan aka fitar da kaskon, aka ƙara bargo.

Abin kunyar shi ne a gidan akwai 'yan sakandare biyu, kuma kullum suna tsallake jakar nan. Kai ma da kake karanta wannan shafi, wataƙila kana da ƙane ko ƙanwa a irin wannan aji. Yau idan an taso, buɗe jakarsa, ka karanta wa Inna abin da ke ciki, ka kuma tambaye ta ko akwai saƙon da za ka kai wa malama. Allah Ya raya mana su.